Likita Ignaz Semmelweis da Zazzaɓin Jego

A shekarun 1840, idan naƙuda ta kama matalauciya a birnin Biyana, fadar daular Ostiriya, ranar da haihuwar ta zo mata tana iya zama ita ce tsakaninta da kabari. Dalili kuwa shi ne, wurin karɓar haihuwa na Babban Asibitin birnin sassa biyu ne, kuma kwana-kwana suke karɓar masu naƙuda, yau wannan gobe wancan. Duk gari an san cewa wadda ta faɗa Sashe na Ɗaya ta fi shiga haɗari bisa ga wadda ta faɗa Sashe na Biyu. Akan ga mata sun durƙusa suna roƙo da hawaye a mai da su ɗaya sashen, wasu kuwa sukan gwammace su haihu a bakin titi, sa'an nan su shigo da jariri a hannu su ce haihuwa ce ta riske su a hanya. Abin da suke gudu shi ne zazzaɓin jego. Mutumin da ya gano musabbabin wannan bambanci, ya kuma nuna cewa kwano guda na ruwan wanke hannu ya isa ya kawar da shi, shi ne Ignaz Semmelweis, wanda ya ƙare rayuwarsa a gidan mahaukata yana ɗan shekara 47.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Semmelweis ran 1 ga Yuli, 1818, a unguwar Taban ta garin Buda a ƙasar Hangari, wadda a wancan zamani take ƙarƙashin sarautar Ostiriya. Buda da Pest garuruwa ne biyu masu fuskantar juna, kogin Danube ya ratsa tsakaninsu, sai a 1873 aka haɗe su suka zama Budapest. Mahaifinsa attajiri ne mai kantin kayan yaji da na masarufi, asalinsa Bajamushe, Ignaz kuwa shi ne na biyar cikin 'ya'yansa goma. A 1837 ya tafi Jami'ar Biyana don ya karanta shari'a, amma da shekara ta kewayo sai ya koma fannin likita, ya sami digirinsa a 1844. Ya nemi gurbi a sashen cututtukan cikin jiki bai samu ba, sai ya karkata ga aikin karɓar haihuwa, wanda a lokacin manyan likitoci ba su ɗauke shi da wata daraja ba.

Malamai uku ne suka yi tasiri a kansa. Rokitansky ya koya masa feɗe gawa don a ga irin ɓarnar da cuta ta yi a cikin jiki. Skoda ya koya masa bin dalilai ɗaya bayan ɗaya yana watsar da duk wanda bai tsaya da ƙafarsa ba. Hebra kuwa, masanin cututtukan fata, ya zama amininsa, kuma shi ne zai raka shi wata rana har ƙofar da bai sake fitowa daga cikinta ba.

Sassa Biyu, Gini Ɗaya

Ran 1 ga Yuli, 1846, ranar da ya cika shekara 28, aka naɗa shi mataimakin Farfesa Johann Klein, shugaban Sashe na Ɗaya. Matan da ke zuwa wurin yawancinsu talakawa ne, da yawa ma ba su da aure. Ana karɓar haihuwarsu kyauta, ana kuma ɗaukar nauyin jariran da uwayensu ba za su iya riƙewa ba, su kuwa ladan da suke biya shi ne a koyi aiki a jikinsu. Tun daga 1840 aka raba ɗaliban: masu koyon aikin likita, dukansu maza, suna Sashe na Ɗaya, masu koyon aikin ungozoma suna Sashe na Biyu.

Cutar kanta ba ta da wuyar ganewa. Kwana biyu ko uku bayan haihuwa sai mai jego ta fara rawar ɗari, jiki ya yi zafi rau, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, ciki ya kumbura har ba ta iya jure nauyin mayafi a kansa, jinin biƙi ya yi ɗoyi. Cikin 'yan kwanaki sai rai ya yi halinsa. In an buɗe gawar a tarar da mugunya a mahaifa da tantanin ciki, wani lokaci har da na huhu da na zuciya. Game da abin da ke kawo ta kuwa, kowane malami da tasa fatawar. Wasu sun ce gurɓatacciyar iska ce da ke sauka a gari lokaci-lokaci, wasu sun ce ruwan nono ne ya ƙi fita ya koma ciki ya ruɓe, wasu kuma suka ɗora laifin a kan jinin biƙi da ya tsaya.

Semmelweis ya bar fatawa ya koma ga littattafan rajistar asibiti. Ya tarar cewa daga 1841 zuwa 1846 mata 20,042 suka haihu a Sashe na Ɗaya, 1,989 suka mutu, watau kusan kashi 10 cikin ɗari. A Sashe na Biyu kuwa mata 17,791 suka haihu, 691 suka mutu, ƙasa da kashi 4 cikin ɗari. Har ila yau ya san cewa lissafin Sashe na Ɗaya bai cika ba, domin akan kwashe waɗanda ciwonsu ya yi tsanani a kai su wasu ɗakunan asibitin, in sun cika a can ba a rubuta su a nan.

Daga nan ya shiga bin dalilan da ake faɗa, kamar yadda Skoda ya koya masa. In iska ce, ai sassan biyu suna cikin gini ɗaya, iska ɗaya suke shaƙa. In cunkoso ne, Sashe na Biyu ya fi cunkoso, tun da yake can mata ke turuwa. Abinci ɗaya ne, masu wanki ɗaya ne. Aka ce tsoro ne ke kashe matan, saboda limamin Kirista da ke zuwa yi wa mai cikawa addu'a sai ya ratsa ɗakuna biyar, yaronsa na gaba yana kaɗa ƙararrawa. Semmelweis ya roƙe shi ya riƙa zagayawa ta wata hanya ba tare da ƙararrawa ba. Limami ya yarda, mutuwa ba ta ragu ba. Ya lura cewa ungozomomi suna karɓar haihuwa mace na kwance ta gefe, likitoci kuwa tana rigingine, sai ya sa aka canja, nan ma ba ta sake zani ba. Hukuma ta kafa kwamiti, kwamiti ya ce ɗalibai baƙi 'yan wasu ƙasashe ne ke da nauyin hannu wajen duba mata, aka rage yawan ɗalibai aka sallami yawancin baƙin. Mutuwa ta ɗan lafa, sa'an nan ta dawo.

Amma akwai wasu abubuwa da suka tsaya masa a rai, waɗanda babu wata fatawa da ta iya warware su. Matan da suka haihu a titi cikin ƙazanta da sanyi ba su cika kamuwa ba. Waɗanda naƙudarsu ta yi tsawo, aka yi ta duba su sau da yawa, su ne suka fi mutuwa a Sashe na Ɗaya, alhali kuwa doguwar naƙuda ba ta da wannan haɗari a Sashe na Biyu. Ciwon yakan bi gadaje a jere, kamar wanda wani ke rabawa. Jarirai ma sukan mutu bayan uwayensu, a buɗe su a ga irin ɓarnar da aka gani a jikin uwayen, ga shi kuwa jariri ba shi da nono ko jinin biƙi da za a ce ya tsaya. Don neman amsa sai ya ƙara ƙaimi wajen feɗe gawarwakin matan kowace safiya kafin ya shiga ɗakin masu naƙuda. Bai san cewa wannan himma tasa tana ƙara cika makabarta ba.

Mutuwar Kolletschka

A watan Maris na 1847 ya tafi birnin Benis don ya huta ya kalli zane-zane da gine-gine. Da ya dawo ran 20 ga wata sai ya iske labarin rasuwar abokinsa Jakob Kolletschka, farfesan binciken gawa don shari'a. Wani ɗalibi ne ya yanke shi a yatsa da wuƙar fiɗa bisa kuskure suna tsakiyar aiki a kan wata gawa, ciwo ya shiga jini, ya mutu ran 13 ga Maris. Semmelweis ya karanta rahoton binciken gawar abokin nasa, sai ya ga mugunya a tantanin ciki da na huhu da na zuciya, daidai da abin da ya gani a jikin ɗaruruwan masu jego. Ga namiji wanda bai yi ciki ba bai haihu ba, ya mutu da ciwon masu jego.

A nan ne zaren ya warware. Abin da ya kashe Kolletschka wani abu ne daga jikin gawa da wuƙa ta shigar masa cikin jini. Mahaifar macen da ta haihu kuwa, musamman gurbin da mabiyiya ta rabu da ita, ɗanyen rauni ne a buɗe. Su wa ke tashi daga ɗakin gawa su zo su sa yatsa a wannan rauni? Ɗaliban likita da malamansu. Sukan wanke hannu da sabulu, amma warin gawa ba ya barin hannun, wanda ya nuna cewa akwai sauran abin a maƙale. Ungozomomi kuwa ba sa taɓa gawa. Tarihin asibitin ma ya ba da shaida: a zamanin Boer, wanda Klein ya gada, da mutum-mutumi ake koyar da ɗalibai, kuma mutuwa ba ta cika wuce kashi 1 cikin ɗari da yawa ba. Sai daga 1823, da aka mai da koyarwa kan gawa, lissafin ya fara hawa.

Ya kamata mai karatu ya tsaya ya auna nauyin wannan magana a kan mai yin ta. Ba wani likita a sashen da ya kai Semmelweis yawan taɓa gawa. Kafin ya tuhumi kowa sai da ya fara tuhumar hannunsa, kuma a littafin da ya rubuta daga baya ya amsa a fili cewa mata masu yawa sun tafi kabari ta dalilinsa. Wannan ita ce jaruntakarsa mafi girma, kuma ita ce abin da yawancin abokan aikinsa suka kasa yi.

A tsakiyar watan Mayu na 1847 ya ajiye kwano a ƙofar ɗakin haihuwa, ya kafa doka cewa duk wanda ya fito daga ɗakin gawa sai ya goge hannunsa da ruwan kulorin har warin ya ɓace kafin ya taɓa mace. Ya zaɓi kulorin ne kawai don ya ga shi ya fi kashe wari. A watan Afrilu, kafin dokar, mata 57 cikin 312 suka mutu, watau sama da kashi 18 cikin ɗari. A Yuni lissafin ya faɗo zuwa wajen kashi 2, a Yuli ya kusa kashi 1.

Kafin shekara ta ƙare sai aka sami koma-baya wanda ya faɗaɗa fahimtarsa. A watan Oktoba aka kwantar da wata mai ciwon dajin mahaifa da ke zubar da ruɓa, a gadon farko, inda ake fara zagayen duba marasa lafiya. Likitoci suka duba ta, suka wanke hannu da sabulu kaɗai, suka wuce ga sauran. Cikin mata 12 da ke wannan jeri, 11 suka mutu. Daga nan ya gane cewa kowace irin ruɓa tana iya kawo ciwon, ko daga gawa ko daga mai rai, sai ya ce a riƙa wanke hannu da kulorin tsakanin kowace mace da ta gaba, daga baya kuma har da kayan aiki. A 1848 mata 45 ne suka mutu cikin 3,556, kuma a watannin Maris da Agusta ba a rasa ko mace ɗaya ba. Sashe na Ɗaya ya zo daidai da na ungozomomi.

Yadda Aka Karɓi Maganar

Mai hankali zai zaci cewa irin wannan sakamako ba ya bukatar mai talla. Ba haka ta kasance ba, kuma laifin ya rabu gida biyu. Na farko, maganar tana da ɗaci, domin ma'anarta ita ce likitan da ya zo ceto shi ne ke ɗauke da ajali a yatsunsa. Michaelis, farfesan haihuwa a garin Kiel na Jamus, yana cikin 'yan ƙalilan da suka gaskata. Ya gwada wanke hannun ya ga amfaninsa, sai ya tuna da wata 'yar'uwarsa da ya duba bayan ta haihu ta mutu da wannan zazzaɓi. Baƙin ciki ya rufe shi, a 1848 ya faɗa gaban jirgin ƙasa. Klein kuwa, wanda shi ya kawo koyarwa da gawa, bai taɓa amincewa ba. Ga shi kuma 1848 shekarar tawaye ce a Biyana da Hangari, tsofaffin malamai masu biyayya ga fada suna yi wa matasa irin su Skoda da yaransa kallon 'yan tada zaune tsaye. Da wa'adin Semmelweis ya cika a watan Maris na 1849, Klein ya ƙi sabunta masa.

Na biyu kuwa, shi kansa Semmelweis ya yi sakaci. Ya ƙi ɗaukar alƙalami. Hebra ne ya ba da labarin a wata mujallar likitoci a ƙarshen 1847 da kuma 1848, Skoda ya yi lacca a kai a 1849, amma duk sun fi ba da ƙarfi ga batun gawa, har mutane suka ɗauka cewa iyakar da'awar ke nan. Likitan da asibitinsa ba a feɗe gawa amma mata na mutuwa sai ya ce maganar ba ta da tushe. Semmelweis bai tsaya gaban ƙungiyar likitocin Biyana da bakinsa ba sai a watan Mayu na 1850. Bugu da ƙari, bai iya nuna wa kowa abin nan da yake cewa yana maƙale a hannu ba. Ya yi 'yan gwaje-gwaje a kan zomaye, amma bai nemi abin a madubin ƙara girma ba, kuma a lokacin ba a tabbatar da cewa ƙwayoyin cuta ne ke haddasa ciwo ba. Likitocin Ingila kuma suka ce ba su ga sabon abu ba, tun da Alexander Gordon na Aberdeen ya rubuta tun 1795 cewa masu karɓar haihuwa na yaɗa ciwon, haka ma Oliver Wendell Holmes na Amurka a 1843. Abin da ba su lura da shi ba shi ne, babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya gwada maganin a kan dubban mata ya kawo lissafin kafin da na bayan.

A watan Oktoba na 1850 aka ba shi izinin koyarwa a jami'a, amma bisa sharaɗin da mutum-mutumi kaɗai zai koyar. Ya ɗauki wannan a matsayin wulaƙanci. Cikin 'yan kwanaki ya tattara kayansa ya koma Pest, ko sallama bai yi wa Skoda da sauran waɗanda suka tsaya masa ba.

Zamansa a Pest

A 1851 ya karɓi shugabancin ɗakin haihuwa na asibitin Szent Rokus ba tare da albashi ba. Wurin ya yi ƙaurin suna da zazzaɓin jego, amma daga 1851 zuwa 1855 mata 8 kaɗai ciwon ya kashe cikin 933. A 1855 ya zama farfesan haihuwa a Jami'ar Pest. Da ciwon ya sake ɓullowa a can, ya bi sawu har ya gano cewa ɗan kwangilar wanki, wanda aka ba aikin don arharsa, yana dawo da zannuwan gado da ƙazantarsu, sai ya kwashi zannuwan ya kai su gaban jami'in da ke riƙe da kuɗin. A 1857 ya auri Maria Weidenhofer, suka haifi 'ya'ya biyar, biyu suka rasu suna jarirai.

Sai a 1858 ya fara rubutu da hannunsa, a wata mujallar likitoci ta harshen Hangari wadda ba kowa ke karantawa a waje ba. Babban littafinsa, wanda ya yi da Jamusanci a kan musabbabin zazzaɓin jego da ma'anarsa da rigakafinsa, yana ɗauke da shekarar 1861, watau shekara 14 bayan kwanon farko. Ya haura shafi 500, cike da jadawalin lissafi da maimaici, kashi mai yawa kuma martani ne mai zafi ga masu suka. Manya irin su Virchow ba su karɓa ba. Sai ya shiga rubuta buɗaɗɗun wasiƙu zuwa ga farfesoshin haihuwa irin su Spaeth da Scanzoni da Siebold, yana kiran wasunsu masu kisan kai. In an duba lissafinsa, da wuya a ce ƙarya ya yi musu. Amma ba a taɓa jawo babban malami zuwa ga gaskiya ta hanyar zaginsa a bainar jama'a ba, kuma kowace wasiƙa ta ƙara rufe masa wata ƙofa.

Rasuwarsa

Zuwa 1865 halinsa ya canja ƙwarai. Ya tsufa kafin lokacinsa, ga mantuwa, ga fushi ba dalili, ga maganganu da ayyukan da ke kunyata iyalinsa. Masana tarihi sun yi saɓani a kan ainihin ciwon da ya taɓa ƙwaƙwalwarsa. A ƙarshen watan Yuli wasu likitocin Pest suka sa hannu a takardar tsare shi, aka ɗauke shi a jirgin ƙasa zuwa Biyana da sunan tafiya hutu. Hebra ya tarye shi, ya kai shi gidan mahaukata na birnin kamar za su kai ziyara. Da ya gane abin da ake ciki ya yi yunƙurin fita, masu gadi suka yi masa dūka, suka sa masa rigar ɗaure mahaukata suka kulle shi a ɗaki mai duhu. Wani rauni a hannunsa na dama ya ruɓe, ruɓar ta shiga jini, ya rasu ran 13 ga Agusta, 1865. Da aka buɗe gawarsa sai aka tarar da irin ɓarnar da ya gani a rahoton Kolletschka. Mutane ƙalilan ne suka halarci jana'izarsa.

Ana gobe zai rasu, ran 12 ga Agusta, a birnin Glasgow, Joseph Lister ya wanke raunin wani yaro da ya karye a ƙafa da sinadarin kabolik, yana bin binciken Louis Pasteur a kan ƙwayoyin da ido ba ya gani. A 1879 Pasteur ya nuna wa likitocin Faris ƙwayar da ake samu a jinin masu zazzaɓin jego, mai kama da jerin 'ya'yan carbi, wadda ake kira Streptococcus. Maganin da ke warkar da wadda ta riga ta kamu bai samu ba sai a 1936, sa'ad da Leonard Colebrook ya gwada Prontosil a wani asibitin haihuwa na Landan.

A 1891 aka tono ƙasusuwan Semmelweis daga Biyana aka kai su Budapest. A 1964 aka sake mai da su gidan da aka haife shi a unguwar Taban, wanda aka mayar gidan tarihin aikin likita, a 1969 kuma aka sa wa jami'ar koyon aikin likita ta Budapest sunansa.